Jama'a ku taimaka, miyar biyarnez ɗina ta tsinke har sau biyu

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da warhaka. Don Allah wanda ya san kan girkin Turawa ya zo ya cece ni. Watan jiya mun je biki Abuja, Abban Ilham ya kai mu wani wajen cin abinci aka kawo masa gasasshen nama da wata 'yar miya a ɗan kofi, rawaya haka mai kauri kamar mayonis amma da ɗuminta, da ɗan koren ganye a ciki, a takarda sun rubuta béarnaise, mai kawo abincin ya ce biyarnez ake faɗa, ta Faransawa ce. Tun ranar bawan Allahn nan bai bar zancenta ba. Na nemo yadda ake yi, gwaiduwar ƙwai uku, bota, ruwan khal, albasa da ganye. Jiya na gwada sau biyu. Na farko ƙwan ya dahu kawai ya zama wainar ƙwai tana iyo a cikin mai, na biyu ya fara kyau har ina kiran yara su zo su gani, kafin in juya in ɗauko gishiri mai ya taso sama ƙasa kuma gudaji-gudaji, wlh kamar in yi kuka, ƙwai shida da bota kusan kwali biyu a wannan tsadar. A kan gas na ɗora tukunyar amma na rage wutar iya ragewa. Ganyen da suka ce wai taragon ban samu ba a Kaduna sai na sa fasili. Ina na kuskure?

AntiBilki:
Wa alaikis salam Maman Ilham, sannu da asara. Ai kin faɗi laifin da bakinki, tukunya kai tsaye a kan gas. Ko kin rage wutar gindin tukunyar nan ya fi ƙarfin gwaiduwa. A kan tururi ake yinta, kwano a bakin tukunyar ruwan zafi. Sannan wace irin bota kika sa, ta gaske ta madarar saniya ko ta roba wadda muke shafa wa burodi? don mu nan komai bota muke ce masa.

Kawu_Tanko:
Ikon Allah, ƙwai shida! Da kin soya su da albasa da attaruhu yara sun ci da burodi sun sa miki albarka. Nama in ya gasu me yake nema ban da yaji da ɗanyar albasa? Bature bai san ƙuli-ƙuli ba shi ya sa yake wahalar da kansa.

Maman_Ilham:
Kawu ka bar ni da abin da ya dame ni 😂 Anti Bilki ta gaske ce, ta kwali mara gishiri, shi ya sa ma abin ya fi min ciwo.

Kuku_Ɗanladi:
Hajiya sannu da ƙoƙari. Shekara tara na yi a kicin ɗin otal kuma ba miyar da ta ba ni kunya a farkon zuwana kamar wannan, don haka kar ki ji komai. Abin da ke faruwa mai da ruwa ba sa shiri, gwaiduwa ce ke shiga tsakani ta riƙe su, ita kuma gwaiduwar da zafi ya kai wajen digiri 65 ta fara kama jikinta, ya haura 70 shikenan ta dahu ta saki man. Ga yadda nake yi. Albasa yankakkiya ƙanana sosai kamar cokali biyu, khal cokali huɗu, ruwa cokali biyu, dakakken masoro kaɗan da karan ganyen, ki tafasa har ya tsotse ya rage bai fi cokali biyu ba, ki sauke ya huce, in kika juye shi da zafinsa a kan ƙwai tun daga nan kin gama ɓata aiki. Sai gwaiduwa uku da cokali ɗaya na ruwa da wannan haɗin a kwanon silba, ki ɗora a bakin tukunyar da ruwa ke ɗan motsi a ciki, motsi na ce ba tafasa ba, kuma gindin kwanon kar ya taɓa ruwan. Ki yi ta bugawa minti huɗu biyar, za ki ga ya yi kumfa ya yi haske ya ninka, sannan ya fara kauri har in kin ja maburgin kina hango gindin kwanon kafin ya rufe. To nan ne wurin, sauke. Bota giram 180 zuwa 200 wadda kika narkar tun farko ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, da ɗigo za ki fara, sai ya shanye ki ƙara, in ya kama sai ki riƙa tsiyayawa siriri kamar zare hannu ɗaya na bugu. Farin ruwan nan da ya kwanta a ƙasan botar ki bar shi a baya. Gishiri da yankakken ganye a ƙarshe. Ogan da ya koya min ba ruwansa da ma'aunin zafi, cewa yake in sa bayan yatsana a gindin kwanon, in na kasa ƙirga biyar to in sauke in ci gaba da bugawa a kan tebur. Kuma don Allah ban da tukunyar dalma, tsamin khal da ƙwai in suka haɗu da ita launin toka-toka yake komawa.

Ummu_Affan:
Allah ya saka Malam Ɗanladi, na ajiye wannan. Tambaya ta, tunda an ce a narkar da botar a bar farin ruwan a baya, ashe ba man shanu ke nan ba? Me zai hana in yi da man shanunmu na Fulani in huta da kuɗin ta kwali?

AntiBilki:
Ummu Affan kar ki soma. Man shanu ƙamshinsa ya yi ƙarfi, zai danne ganyen ya danne komai, sai ki ji kamar tuwo da miyar kuka za a kawo. Ga shi yawanci da albasa ake soya shi har ya yi ja, wani ma an haɗa shi da abin da ba ki sani ba. Ni dai a aikina ban taɓa yarda ba.

Ɗiyar_Maradi:
Anti Bilki ki yi haƙuri ban yarda da ke ba. Ni Yamai na yi karatu, gidan da na zauna matar kawuna ta yi aikin kicin shekaru wurin wasu Faransawa, kuma da man shanu take yin ta in beurre, wato bota, ya yi tsada, mun ci mun lashe kwano. Abin da kunka saba saye soyayye a kwalba shi ne bai yi, nan kina da gaskiya. Ɗanye za ki nema, wanda ake curawa a sa cikin ƙwaryar nono, sabo na ranar, ki wanke shi da ruwan sanyi sau uku ko huɗu kina murzawa da ludayi har ruwan ya daina fita fari, tsamin nan da warin duk su tafi. Sai ki narkar da shi a wuta kaɗan ba albasa ba komi, kada ki bari ya canza launi, ki kwashe kumfar ki tace da ƙyalle mai tsabta. Abu ɗaya, shi ba ruwa a jikinshi bayan nan, sai ki ƙara cokali guda na ruwa a ƙwanduwar in ba haka ba ta yi kauri da yawa ta kece.

Baƙon_Liyon:
Ina bin ku tun ɗazu daga nan Faransa, karatu ya kawo ni amma ƙarshen mako ina wanke-wanke a wani gidan abinci shi ya sa nake ganin abubuwa. Ɗiyar Maradi ba ta yi nisa da gaskiya ba, botar da Faransawa suke alfahari da ita irin ta Isigny da ta Charentes-Poitou, sai an bar kirim ɗin ya ɗan yi tsami tukuna ake kaɗa shi, kun ga dai kusan hanyar da matan Fulani ke bi ce, bambancin su akwai sanyi da ma'auni, dokarsu ma ta ce bota mara gishiri sai mai ya kai kashi 82 cikin 100 ruwa kar ya wuce 16. Wani abin dariya kuma, sunan miyar daga Béarn ne, wani yanki can kudu maso yamma kusa da iyakar Sifen, babban garinsu Pau, amma ba can aka ƙirƙiro ta ba. Labarin da aka fi bayarwa shi ne a wani gidan abinci mai suna Pavillon Henri IV a Saint-Germain-en-Laye kusa da Paris aka fara ta a shekarun 1830, wani kuku Collinet, sai aka raɗa mata sunan saboda Sarki Henri na 4 wanda aka haifa a Pau a 1553, da ma Ɗan Béarn ake masa laƙabi. A makarantun girki kuma 'yar hollandaise suke kiranta, uwar ita ce gwaiduwa da bota da lemon tsami, 'yar ta ƙara khal da albasa da taragon.

Kawu_Tanko:
To fa. Miya har da uwa da 'ya da sarki. Mu da miyar kukarmu ko mai unguwa ba ta sani ba amma ba ta taɓa tsinkewa ta ba mutum kunya gaban baƙi.

Hafsy_Zariya:
Kawu wlh kuka tana tsinkewa, ka tambayi amare 😂😂

Sadiya_KN:
Ni wani abu ne ya tsaya min a rai. Duk inda na duba yadda ake yi sai in ga sun rubuta farar giya ta inabi a haɗin farko, wasu kuma khal ɗin giya. Maman Ilham wadda kuka ci a Abuja kun tambaya kuwa? Ba wai ina neman tayar da hankali ba ne amma abin dubawa ne.

Abba_Injiniya:
Ai in an tafasa giyar tashi take yi ta bi iska, ɗanɗanon kawai ke saura.

Nas_Hauwa:
Abba ba duka ke tashi ba, wannan maganar an daɗe ana yaɗa ta. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da jadawali a kai, abin da aka tafasa na minti 15 kusan kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, sai an yi sa'o'i ake kaiwa ɗan kaɗan.

Malam_Abu_Hafsa:
Bismillah. A raba abu biyu don kar a rikita mutane. Giya ita kanta ba ta shiga tukunyar Musulmi, ta tashi ko kar ta tashi, sayenta ma da ajiye ta matsala ne. Khal kuwa daban, Muslim ya ruwaito Manzon Allah SAW ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka, inda suka yi saɓani shi ne wadda mutum ya juya da gangan, Hanafiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsananta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ga khal tuffa nan a kowane kemis na Musulunci, ga lemon tsami. Ita kuma 'yar uwa da ta ci ba da sani ba babu komai a kanta in sha Allah, gaba dai a riƙa tambaya. Wallahu a'alam.

Abba_Injiniya:
Na karɓi gyara Anti Hauwa. Amma Malam shi ma khal tuffan ai ta nan ya biyo, sukarin tuffa ya fara zama barasa sannan ƙwayoyin halitta su mai da shi tsami, duk khal na asali haka yake, ba wai ina musu ba ne ina dai faɗin yadda abin yake.

Admin_Rabi:
Jama'a mun gode, an fahimta. Wanda ke son ci gaba da wannan ya bi Malam ta akwati. A koma kicin, baiwar Allah na jira.

Maman_Ilham:
Innalillahi, wlh Sadiya ko a raina ban kawo ba, na gode da kika tuna min. Ni dai farin khal na kanti na sa. Malam Ɗanladi na gane na farkon, wuta ce. To na biyun fa da ya riga ya yi kyau sannan ya rabu? Wancan karon ina ɗagawa ina mayarwa, ƙwan bai dahu ba.

Kuku_Ɗanladi:
Ɗayan uku ne Hajiya. Ko kin yi saurin juye sauran botar da kika ga ya kama, kowa na yin wannan, murna ke jawowa. Ko kin bar tukunyar a kan ƙarfen gas ɗin da kika juya, ko an kashe wuta ƙarfen na da zafi. Ko kuma ta yi kauri da yawa ruwa ya ƙare mata. Tana ba da alama kafin ta rabu, za ki ga gefen kwanon ya fara sheƙi kamar tana gumi, to maza cokali ɗaya na ruwan sanyi ki buga da ƙarfi za ta dawo. In ma ta riga ta rabu ba a zubarwa, abin da ya ba ni haushi da labarinki ke nan. Sabon kwano, gwaiduwa ɗaya, ruwa ƙaramin cokali, ki buga a kan tururin ya ɗan yi kumfa, sai ki riƙa ɗibar wadda ta lalace cokali-cokali kina zubawa kamar ita ce botar. Ƙwai ɗaya ya ceci uku. Wadda ta zama waina ce kawai ba ta da magani, ita ma ki tace man ki yi wani aikin da shi. Farin khal ɗin nan kuma kaifi gare shi ba ƙamshi, khal tuffa ya fi, ki ɗiga lemon tsami a ƙarshe.

Maman_Ilham:
Wayyo, da na sani. A kwata na juye ta da haushi.

Hajiya_Mai_Lambu:
Ni maganar ganyen zan yi don ba wanda ya taɓa ta sosai, kuma in ba taragon to gaskiya abin da maigidanki ya ci ba shi za ki ba shi ba, fasili launi kawai zai ba ki. Taragon ƙamshinsa kamar yansun ne ko shammar, ɗan zaƙi-zaƙi mai ratsa hanci. Ina Jos ina ɗan lambu a bayan gida, na taɓa sayen irinsa a 'yar takarda na shuka na yi ta ban ruwa wata uku, ya fito kore shar ya yi tsayi, na tsinka na murza na shinshina, ciyawa kawai. Ashe na Faransa na gaske ba ya yin iri mai tsirowa, reshe ake dasawa ko a raba saiwa, duk wanda aka sayar miki a matsayin iri to na Rasha ne mara ƙamshi. Akwai wani kuma na Meziko, dangin fulawar marigol ne mai rawayar fure, shi yana jure zafi kuma ƙamshin ya yi kusa sosai, shi nake nema yanzu. Kafin nan busasshe na kwalba da ake samu a manyan kantuna yana yi, ƙaramin cokali ɗaya amma a cikin khal ɗin za ki tafasa shi ya farfaɗo, ki sa fasilin a ƙarshe don ido.

Ummu_Affan:
Ɗoɗɗoya fa Hajiya? ko lansir?

Hajiya_Mai_Lambu:
Ɗoɗɗoya ta yi ƙarfi 'yata, farfesu za ki ji. Lansir kuma yaji-yaji gare shi, zai iya daɗi amma wata aba ce daban.

Baƙon_Liyon:
Ku tsaya, akwai mafita kuma su Faransawan ne da kansu suka yi ta. In aka cire taragon aka sa na'a-na'a sunanta paloise, wato ta mutanen Pau, kuma da naman rago ake cinta musamman. Na'a-na'a kuwa wane mai shayi ne ba shi da ita. In aka ƙara ɗan tumatir da aka dafa ya tsotse a cikin biyarnez sai ta koma Choron. Maman Ilham ki yi ta na'a-na'a ki ce wa Abban Ilham da gangan ne, da sunanta a littafi. Da babbar sallah in aka gasa haƙarƙari ai shikenan.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Salam 'yan uwa. Albasan ma ba wannan babba ba ne Faransawan suke sa wa, ƙanana ne ja masu ɗiya biyu uku a haɗe, ba ya da zafi kamar babban. Mu nan Gana yana da yawa, daga Anloga da Keta ake kawo shi a Volta, a ɗaure dam-dam da ganyenshi. In ba ki samu ba ki zaɓi ƙaramin jan albasa ki yanka ki jiƙa a ruwa minti goma.

Ɗiyar_Maradi:
Échalote ke nan, mutanen Dogon na Mali ma suna nomanta sosai. Amma wanda ke da albasar Galmi bai rasa komi ba, ni da ita nike yi.

Zee_Malmo:
Hhhh ina karanta ku ina dariya, ku zo Suwidin ku ga yadda aka mai da biyarnez ɗin nan kamar yaji, bea suke ce mata, a roba ake sayarwa a kowane kanti kuma har a kan fiza suke zubawa, Bafaranshe ya gani ya riƙe baki. Ni ba na wahalar tururi sam. Blandar hannu gare ni, in zuba gwaiduwa biyu da haɗin khal ɗin a dogon kofi wanda kan blandar ke cika gindinsa, in narkar da bota giram 150 ta yi zafi sosai tana ƙara, in kunna in riƙa tsiyayawa a hankali, zafin botar shi ke dafa ƙwan, minti ɗaya an gama, sau ɗaya ta taɓa ƙi min shi ma kofin ne ya yi faɗi da yawa. Ta hannun ta fi laushi da iska na yarda, amma da yara uku wa ke da lokaci.

Hafsy_Zariya:
Zee ke da wutarku ba ta ɗaukewa. Mu nan kina tsakiyar tsiyayawa NEPA su yi halinsu, ga bota a hannu ga duhu.

Kuku_Ɗanladi:
Ta blanda tana yi ba musu, amma ki koya da hannu tukuna don ki san kamanninta a kowane mataki. Kurfoti ma ya fi gas daɗin wannan aikin in gawayin ya yi toka, ruwan ba ya haukacewa.

Nas_Hauwa:
Bari in sa baki ta ɓangarena kafin kowa ya ruga kicin. Ƙwan nan bai dahu duka ba, ɗumi kawai ya sha, don haka mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi da marasa lafiya gara su haƙura ko a ba su wani abin. Ku nemi sabon ƙwai, wanda ya tsage ko yake da kashin kaza a jiki a bar shi don suya. Kuma ba abin da za a yi da azahar a ci da isha ba ne, awa biyu ta yi yawa ma a zafin watan Afrilu, abin da ya rage a zubar, ba a kai wa almajiri ba don Allah.

AntiBilki:
Gaskiya ne Hauwa, shi ya sa ba na karɓar ta a aikin biki ko nawa za a ba ni. Ta gida mutum huɗu biyar ce. In kina son ta jira nama ki ɗauraye ƙaramin fulas da ruwan zafi ki juye ta ciki, za ta kai awa ɗaya lafiya, firij kuwa daskarewa take ta zama dutse in kin ɗumama ta rabu, lokacin hunturu ma a kan tebur kaɗai sai ta kama. Ni shawarata ga masu farawa ku bar ƙwai gaba ɗaya ku yi wadda suke ce wa beurre maître d'hôtel, ita ma ta Faransa ce tsohuwa. Bota mai laushi giram 100, fasili yankakke cokali biyu, lemon tsami rabi, gishiri, masoro, ki cakuɗa da cokali ki naɗe a leda kamar tsiren alawa ki sa a firiza. Nama ko kifi na sauka daga wuta ki yanko ƙwaya ɗaya ki ɗora a kai ta narke da kanta. Ba tsinkewa ba hawan jini.

Baƙon_Liyon:
Anti kin tuna min, akwai ma ta uku, beurre blanc, ta wajen Nantes a bakin kogin Loire, khal da albasa a tsotse sai a riƙa jefa bota mai sanyi gutsure-gutsure ana bugawa, ba ƙwai, da kifi ake ci. Wai wata mai girki Clémence Lefeuvre ce za ta yi biyarnez ta manta ƙwai sai abin ya yi daɗi, haka dai mutanen wajen ke ba da labari. Amma ita ma tana rabuwa in ta tafasa, kar a ce ban faɗa ba.

Kawu_Tanko:
Kun ji ko, mantuwa ma in Bature ya yi sai a sa mata suna. Ranar da Innarku ta manta daddawa ba wanda ya rubuta a littafi.

Ummu_Affan:
Na dawo da rahoto. Jiya na tare mai nonon da ke zuwa layinmu na sayi ɗanyen man shanu curi huɗu, na bi yadda Ɗiyar Maradi ta ce, wanki huɗu na yi masa ruwan farko kamar tsala, na narkar na tace sai ga shi garau kamar man gyaɗa sabo, amma fa ya ragu sosai kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, don haka arahar ba ta kai yadda na zata ba. Gwaiduwa biyu na yi da na'a-na'a, da cokali mai yatsu biyu a haɗe na buga don ba ni da maburgin waya, hannuna har yanzu ciwo yake. Ta kama! Ta yi kauri ta zauna a bayan cokali. Ƙamshin man shanun yana nan ba zan ɓoye ba, ni ya min daɗi a kan gasasshiyar kaza, Abban Affan ya ce a ƙara, ƙanwata kuma da ta yi makarantar girki ta ɗanɗana ta ce wannan ba biyarnez ba ce ko kusa.

AntiBilki:
To ai ni da ƙanwarki bakinmu ɗaya. Ban ce ba za ta kama ba, cewa na yi ɗanɗanon zai tafi wani gari. Amma na ji daɗi da kika gwada, wankin nan ban san shi ba, zan jarraba in ji da harshena.

Ɗiyar_Maradi:
Ki jarraba Anti, amma na damina ki nema lokacin da shanu ke cin ɗanyar ciyawa, ya fi rawaya ya fi daɗi.

Maman_Ilham:
Jama'a na yi na uku yau da yamma. Na samo busasshen taragon wajen wata maƙwabciyata da mijinta ke zuwa Legas, khal tuffa, kwanon silba a kan tururi kamar yadda Malam Ɗanladi ya ce, na kori yara daga kicin na kashe waya. Wurin ƙirga biyar ɗin nan sau uku ina saukewa. Da na kai rabin botar sai na ga gefen ya fara sheƙin nan, gabana ya faɗi, na watsa cokalin ruwan sanyi na buga kamar ina faɗa da ita, wlh sai ga ta ta haɗe ta dawo sumul. Na juye a fulas na gasa naman a kasko. Abban Ilham ya ci ya yi shiru, ya ƙara ci, sannan ya ce ta yi daɗi amma ta Abuja ta fi tsami kaɗan kuma ganyen ya fi fitowa. Na ce masa to gobe shi zai riƙe maburgin. Ni a bakina kamar khal ɗin na bari ya tsotse da yawa, kusan bushewa ya yi kafin in sauke, ko shi ne?

Kuku_Ɗanladi:
Barka Hajiya, kin wuce wurin da ake faɗuwa. Eh zai iya zama shi, ki bar cokali biyu cur, kuma ki ajiye ɗan khal ko lemon tsami a gefe ki ɗanɗana a ƙarshe ki gyara da ɗigo. Ganyen kuwa busasshe ba zai taɓa kai ɗanye ba, sai dai mu jira lambun Hajiya.

Sadiya_KN:
Ko kuma abin da na faɗa ne ya sa tasu ta bambanta 🤐

Admin_Rabi:
Sadiya.

Hajiya_Mai_Lambu:
Na Mezikon dai har yanzu ban samu ba, wanda ya san mai shi a Jos ko Abuja ko reshe ɗaya ne ya min magana. Zee ku can ana sayar da na Faransan a tukunya ko? in wani zai taho gida ko zai iso da rai?